Hannun Baba a Cikin Bonet

Da turi motar ta shigo gareji, maza biyu na haki a bayanta. Tsohuwar mota ce fara, ko a ce ta taɓa zama fara. Mai Wayarin, wato mai gyaran wayoyin mota na garejin, yana tsugune gaban wani batir, ya ɗago kai don ya yi wa motar dariya, sai idonsa ya sauka kan mai tuƙin. Dariyar ba ta fito ba.

"Sannu da aiki. An ce kai ne mai gyaran waya," ta ce tana goge zufa da bakin mayafi. "Sau uku tana mutu mini yau. Na canja fiyus, ya sake ƙonewa."

"Ke da kanki kika canja?"

"To wa zai canja mini? Ni ce direban gidanmu."

Ya buɗe bonet, sai da ya yi salati. Wayoyi ne birjik, wata ta haye wata, wata an naɗe ta da salatif har ta yi tulu, wata an ƙulla mata tsumma, wata ƙulli biyu, wata uku. Shekararsa tara a sana'ar bai taɓa ganin cakwakiya irin wannan ba.

"Wane ne ya yi wa baiwar Allah wannan aika-aika?"

"Babana," ta ce, ta haɗe rai.

Bawan Allah ya so ƙasa ta buɗe. Ya sunkuyar da kai ya kama aiki har ya gano wayar da ta goge a jikin ƙarfe tana ƙona fiyus. Ya yanke ta, ya haɗa sabuwa, ya ce ta murɗa makulli. Bugu ɗaya motar ta tashi. Ta yi murmushi, shi kuwa daga ranar ya rasa natsuwarsa.

Auta ake ce mata a gida. Mahaifinta tsohon direba ne, shekara talatin yana kan titi kafin ciwon ido ya zaunar da shi. Yanzu ko tafin hannunsa ba ya gani. Ita ke kai shi asibiti, ita ke zuwa cefane, ita ke karanta masa takardar magani. Duk wannan a hankali Mai Wayarin ya ji shi, domin motar ta koyi lalacewa a kai a kai. Yau fitila, gobe hon, jibi kuma wata ƙara da babu mai jin ta sai Auta.

"Direbata, wannan hon ɗin lafiyarsa ƙalau," ya ce mata wata rana.

"To, Injiniya, ka duba da kyau. Ni dai ban yarda da shi ba."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Injiniyana, na iso gida lafiya. Motar ba ta yi gardama ba, ni ce dai na so ta yi, ko na juyo."

Ya karanta ya fi sau goma kafin ya amsa: "Direbata, ki daina neman laifin mota. Ki zo haka kawai. Zuciyata ce ke ta ƙona fiyus tun da na gan ki."

Wata shida ana haka. Umma, mahaifiyarta, ta san da maganar, ba ta ƙi ba. Baba ne ba a taɓa ba tukuna, domin akwai ɗan wani amininsa, dillalin motoci, da ya daɗe yana zuwa gaisuwa da babbar mota mai sheƙi. Mai Wayarin ya dubi kansa, ya dubi faratansa da baƙin mai ba ya fita, ya ga ba shi da abin da zai burge tsohon da shi sai aikin hannunsa. Nan ya yanke shawarar da ta jefa shi cikin uku.

Ya roƙi Auta ta bar masa motar kwana uku, ya ce zai ɗan wanke injin. Ranar farko ya kwance wayoyin kaf. Ya yanke ƙulle-ƙullen, ya ɓare tsohon salatif, ya cire duk wayar da ya ga kamfani bai sa ta ba. Rana ta biyu ya ja sababbi, kowace a hanyarta, ya zura su cikin baƙin tiyon roba, ya ɗaɗɗaure su a jikin mota. Ya goge kan batir, ya wanke injin har yana ɗaukar ido. Tsofaffin wayoyin kuwa ya tattara ya ba mai sayen tagulla da ke wucewa da kura. Duk wanda ya leƙa bonet ɗin a garejin sai ya ce, "Kai! Kamar yau ta fito daga kamfani."

Rana ta uku ya sa rigarsa mai kyau, ya tuƙa motar da kansa har ƙofar gidan. Baba yana zaune kan kujera a inuwar katanga. Auta ta fito da fara'a ta ce, "Baba, ga mai gyaran da nake ba ka labari. Ya yi maka abin mamaki."

Tsohon ya amsa gaisuwa, ya miƙe, ya dafa jikin motar ya bi ta har gaba. Da kansa ya ɗaga bonet, ba tare da lalube ba. Ya zura hannun dama.

Hannun ya tsaya. Ya matsa hagu, ya dawo dama, ya gangara bayan injin. Ko'ina santsi, ko'ina tiyo iri ɗaya. Ya sake shafawa daga farko.

"Ina ƙulli biyun da ke nan? Ina tsumman?"

"Na gyara su duka, Baba," Mai Wayarin ya ce da murna. "Babu sauran datti. In da za ka gani..."

Ya so ya janye maganar, amma ta riga ta fita.

"In da zan gani," Baba ya maimaita a hankali. "Yaro, tun da idona ya fara tafiya nake ƙulla wayoyin nan, ɗaya bayan ɗaya. Ƙulli ɗaya fitila, biyu hon, tsumma na fanka. Kullum da safe in na sa hannu, a nan kaɗai nake gani a duniya. Ina ka kai su?"

Bai iya yin ƙarya ba. Ya ce an tafi da su.

Baba ya sauke bonet ɗin a hankali, ya ce, "Ka makantar da ni karo na biyu. Kada in sake jin takunka a ƙofar gidana." Ya juya zai shiga gida, ya yi karo da ƙofa, abin da Auta ta ce bai taɓa yi ba.

Wallahi da duka aka yi wa Mai Wayarin da ya fi masa sauƙi. Washegari ya bi sawun mai kura har inda ake tara tagulla. Ya tarar an ƙone robar wayoyin tun jiya, sai tulin jan ƙarfe da toka. Ya tsaya yana kallo har mai wurin ya tambaye shi ko lafiya.

Da ya koma gareji ya buɗe bonet ɗin wata mota, ya rufe idonsa, ya zura hannu. Shi da ke taƙama da sanin waya, bai iya bambance ko guda ɗaya ba. Ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai ya yi kuka, babba da shi.

Saƙon Auta ya zo bayan kwana biyu: "Ka ce mini wanki za ka yi. Da ka faɗa mini gaskiya da na hana ka. Baba ya daina fitowa da safe. Ya daina cin abinci sosai. Ni ma da laifina, kullum ina ganinsa yana shafa wayoyin, na ɗauka kewar tuƙi ce kawai. Kada ka kira ni yanzu."

Ya rubuta: "Direbata, na so in faranta masa ne don in same ki. Na cuce shi, na cuce ki. Ban san da wane baki zan ba da haƙuri ba." Ba ta amsa ba.

Sati uku ya yi kamar marar lafiya. Yana ɗaure waya ya manta wadda ya ɗaure. Abokan aiki suka yi tsiya har suka gaji suka koma ba shi baki. Umma ta gwada sa baki sau ɗaya, Baba ya ce mata wanda bai tambaya ba kafin ya taɓa kayan mutum, ba zai tambaya ba kafin ya taɓa zuciyar 'yarsa.

Sai ga saƙon da ya ƙarasa shi: "Baba ya ce motar ba tasa ba ce yanzu, a ba Dillali ya tafi da ita ranar Asabar. Ya kuma ce Dillali ya turo manyansa. Na yi kuka har na gaji. Ina sonka, Injiniyana, amma ba zan ƙara wa Baba wani baƙin cikin ba. Ka yafe mini."

Ya ajiye wayar a kan benci. Ya san ya rasa ta, kuma ya san babu wanda zai ɗora wa laifi.

Ranar Asabar da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Muryar Umma ce. "Ɗana, zo ka taimaka. Dillali ya zaga da motar, ya kashe ta a bakin ƙofa, ta ƙi tashi. Ta tare hanya, maƙwabta na ta magana. Ni na kira ka, ba shi ba."

Ya zo da jakar kayan aikinsa, kansa a ƙasa. Dillali na tsaye yana kaɗa makulli, yana cewa dama irin wannan gwangwani sai dai a sayar a awon tsohon ƙarfe. Baba na zaune a inuwarsa, bai amsa gaisuwa ba. Auta tana bayan labule, idonta ya kumbura.

Ya murɗa makulli, sai ƙas, ƙas. Ya auna batir, a cike yake. Ya duba fiyus, ya duba sitata, ya bi wayoyinsa masu kyau ɗaya bayan ɗaya. Komai daidai, mota kuwa ko gezau. Rana ta take, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Dillali ya gaji, ya ce shi yana da abin yi, in an gama wasan a kira shi. Ya ja motarsa ya tafi ko sallama bai yi wa tsohon ba.

Awa biyu Mai Wayarin yana fama. Daga ƙarshe ya ajiye filaya, ya je gaban Baba ya durƙusa.

"Baba, na kasa. Ban zo neman komai ba, na san na rasa. Amma motarka ce, ka fi ni saninta. Ka faɗa mini abin da na ɓata."

 Sannan tsohon ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Akwai wata waya mai kauri a bayan injin, mai ƙulli uku."

"Na cire ta. Na ga ba ta kamfani ba ce."

"Ta kamfanin gindinta ya ci tsatsa tun kana goyo. In injin ya yi zafi ba ta kai wuta jikin mota. Waccan da ka raina ita ce nagatif ɗin gaskiya." Ya miƙo hannu. "Tashe ni."

Ya kai shi gaban motar. Baba ya kama wuyan hannunsa, ya tura shi can bayan injin inda ido ba ya kaiwa, har yatsunsa suka taɓa wata 'yar ƙusa. "Daga nan zuwa jikin mota. Ka kankare wurin tukuna." Ya yi yadda aka ce, ya jawo sabuwar waya mai kauri. Kafin ya ɗaure bakin wayar sai ya tsaya, ya sa ta a tafin tsohon.

"Baba, ƙulli nawa?"

Leɓen tsohon ya motsa. Ya ƙulla uku da kansa, a hankali. Auta ta shiga ta murɗa makulli, motar ta tashi. Babu wanda ya yi murna da ƙarfi. Baba ya bar hannunsa a kan injin yana jin rawarsa.

"Sauran fa?" ya ce can. "Wayoyi ashirin da ɗaya ne."

"In ka yarda, kullum da safe zan zo in buɗe tiyon. Kai za ka faɗa, ni in riƙe maka."

"Ban ce na yafe ba."

"Na sani, Baba."

Kwana goma sha ɗaya suka ɗauka. Wasu alamun tsohon ya manta su, ya zauna ya yi jugum, don abin da ya tafi ya riga ya tafi. Suka ƙirƙiro sababbi. Bonet ɗin ya koma cike da ƙulli da tsumma, duk mai gyaran da ya gani zai yi tsaki. A rana ta ƙarshe Baba ya aika wa amininsa da ban haƙuri kan maganar ɗansa, ya ce wa Mai Wayarin ya turo manyansa.

Saƙon Auta na ranar gajere ne: "Injiniyana, Baba ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ka zo da wuri."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da jama'a suka ragu, Baba ya sa aka kira masa ango da amarya. Ya ce, "Matso, ban taɓa ganinka ba." Ya ɗora yatsunsa kan goshin Mai Wayarin, ya bi gira, ya bi hanci, ya sauko kumatu, ya tarar da su a jiƙe.

"To, na gan ka," ya ce. Ya lalubo hannun Auta ya sa a nasa. "Wannan ita ce idon da ya rage mini, ga ta na ba ka. Kafin ka gyara mata wani abu, ka tambaye ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Umma ta ce amin tana share hawaye. Ango ya ƙara riƙe hannun.