Angon da Ƙafarsa Ta Ƙi Daina Girma

Ikilima ta fito zaure da kwalin takalmi, tana ta murmushi. Goron Sallah ta sayo wa Uwaisu, malamin firamare a nan Limawa, wanda aka sa musu rana bayan girbi.

"Gwada mu gani, Malam."

Ya tura ƙafa, ya sake turawa, diddige ya ce bai san zancen ba.

"Kai! Ba lamba arba'in da biyu ka ce min bara ba?"

"Sori, ranki ya daɗe. Sonki ne yake kumbura ni!" ya faɗa da muryar nan tasa da ta koma kamar ganga.

Suna cikin dariya Gwaggo Adawiyya, yayar Baba mahaifin Ikilima, ta yi sallama daga Jahun. Rabonta da Uwaisu tun yana karatu a Kafin Hausa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ita kuwa ta kafe shi da ido, ta wuce ciki ba ta amsa ba.

"Wannan ba yaron da na sani ba ne!" ta ce wa Baba, tana tafa hannu. "Hanci ya baje, haɓa ta turo gaba, hannu kamar faifai, ga wushiryar da ba a haife shi da ita ba! Mutum ya haura talatin yana girma? Jifansa aka yi. A mayar musu da kayansu!"

Baba ya ce a dakata da maganar biki.

Ikilima ta sha kuka har idonta ya kumbura. Da ta natsu sai ta buɗe tsofaffin hotunan Uwaisu a waya. Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Ta tuna yawan guminsa, da ciwon kan da kullum yake cewa hayaniyar ɗalibai ce.

Ta je ta durƙusa gaban Baba. "Baba, in ciwo ne ai ba shi ya ɗora wa kansa ba. Don Allah a bari ya je asibiti kafin a yanke hukunci."

"Na ba ku lokaci, Ikilima. Allah ya sa a dace."

Yayarta Safina ce ta raka su asibiti. Likita, Dakta Hindatu, ta dubi hotunan, ta dubi Uwaisu.

"Kana munshari? Gaɓoɓinka suna ciwo? Yatsunka suna yin sanyi kamar ba naka ba?"

"Dakta, kamar a gidanmu kike kwana!"

Bayan gwajin jini da hoton kai a Kano, ta zaunar da su. "Sunan ciwon akromegali. Wani ɗan ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, yake sa sinadarin girma ya yi yawa. A hankali yake sauya mutum, shi ya sa na kusa ba sa lura. In an bar shi yakan taɓa zuciya da ido, ya kawo ciwon suga. Za a cire ƙarin ta hanci."

"Ta hanci?" Uwaisu ya shafa nasa. "Alhamdulillahi, da ma hanya ta yi faɗi!"

Ikilima ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Aka yi aiki lafiya. Ciwon kai ya tafi, gumi ya ragu, kumburin hannu ya saɓe. Ƙashi kam, Dakta ta ce ba zai koma yadda yake ba.

"Haka nan nake son kayana," in ji Ikilima. Baba ya ce a ci gaba da shirin biki.

Da Safina ta gaya wa Gwaggo cewa likita ta yaba wa idon da ya fara lura, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali. "To! Ba don ni ba fa?" Ranar kai amarya ita ce a gaban mota, guɗarta har bakin titi.

Da ma haka ne: in jikin wani naka ya sauya, kada ka guje shi, kada ka ce jifa ne, kai shi a duba. Ikilima ta yi haƙuri ta tsaya, Allah ya ba ta miji da lafiyarsa.