Ƙanƙarar Damata Mai Gishiri

A Salaga akwai wata yarinya, Damata, mai kunne kamar na zomo. Sai dai kunnen nan rabin magana yake ɗauka, ya bar wa iska sauran.

Uwarta, Mma Salimatu, ƙanƙara take sayarwa. Da yamma takan ɗura ruwa a ledoji ta jera a firiza. Da safe Anti Zuleha mai sayar da kifi ta kwasa, ta zuba a kan kifin da ta sayo daga garin Makango. In aka ɗauke wuta ƙanƙara ta narke, ranar ko kazar gidan ba ta ganin dariyar Mma.

Wata rana Ticha Wahabu ya ce wa 'yan aji, "Can ƙarshen duniya, teku mai gishiri yana daskarewa. Wata ƙanƙarar takan yi shekara da shekaru ba ta narke ba."

Nan kunnen Damata ya tashi daga aiki. Ashe gishiri ne sirrin! Yau za ta share wa Mma hawaye.

Da yamma ta faki ido, ta juye gishirin miya kaf a bokitin ruwan da Mma za ta ɗura a ledoji.

Gari ya waye. Anti Zuleha ta matsa leda ɗaya, ta ji ruɓus.

"Salimatu, ƙanƙara na zo ɗauka ko koko? Kifina fa ba ya jiran azahar."

Mma ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta juyo.

"Mma, ni ce," in ji Damata. "So nake ta daina narkewa."

Mma ta miƙa mata roba. "Kuka ba ya sanyaya kifi. Bi gidajen masu firij ki roƙo ƙanƙara."

Damata ta bi gida-gida tana sallama, har roba ta cika. Kifi ya tsira. Ita kuwa ta isa makaranta a makare, ta faɗa wa ticha komai.

Ticha Wahabu ya danne dariya. "'Yata, gishiri hana ruwa saurin daskarewa yake yi. Can sanyi ne ya fi ƙarfinsa, don rana kan yi watanni ba ta leƙo ba. Ruwa na daskarewa, yana tura gishirin ƙasa. Farin ƙanƙara kuma yana mayar da hasken rana."

"To ba ta narkewa ke nan, Ticha?"

"Tana narkewa in rana ta dawo. Yanzu da duniya ke ƙara zafi, wadda ke narkewa ta fi wadda ke daskarewa."

Damata ta saurara har ƙarshe, abin da ba a taɓa gani ba.

Da ta koma gida, Mma ta shafa kanta, ta zuba mata tuwo da miya salam, ba gishiri. Damata ta cinye ba ƙorafi. Ta gane cewa mai son taimako sai ya ji magana har ƙarshe, ya kuma yi tambaya kafin ya sa hannu.