Mai Igiya Ya Sauka Tudu

A Koblenz suka fara haɗa ido, ranar da gaɓar kogi ta cika da jiragen ruwa har jirgin Reiger ya jingina da namu, Zwaluw. In an yi haka, sai fasinjojinsu sun ratsa ta zaurenmu kafin su taka ƙasa. Joris, mai ɗaure igiyar Reiger, shi ke tsallako da tsofaffi. Renske tana teburin karɓar baƙi. Ni mai girki ina tsaye da tiren kek, na ga ya tsallako da wata tsohuwa ya manta bai sake mata hannu ba.

"Malam mai igiya, matar mutane ce fa," in ji Renske.

"Ke kika jawo," ya ce, kunnuwansa sun yi ja.

Soyayyar kogi wahala ce zalla. Reiger na hawa Basel, mu muna gangarawa Amsterdam, sai dai waya.

"'Yar Zwaluw, mun wuce ku da hantsi. Na ɗaga hula har hannuna ya gaji, ban gan ki ba."

"Mai igiyata, ina ƙasa ina taya wani tsoho neman tabaransa, ashe yana kansa. Na ji ƙahonku, sai da na zauna."

Kyaftin ɗinmu Wiebe shi ne mahaifin Renske, kuma da jin labari ya ce bai san zancen ba.

"Baba, me ya yi maka?"

"Bai yi min komai ba. Ɗan kogi ne irina. Ni na kai ki makarantar kwana ta 'ya'yan masu jirgi, kina ƙarama, kin riƙe ƙarfen ƙofa kina kuka, na juya na tafi. Ba zan ga jikana a ƙofar nan ba."

Ya ma riga ya yi mata zaɓi: Mathis, mai gonar inabi a bakin kogin Mosel, wanda ke kawo wa baƙinmu giya su ɗanɗana. Mutum mai gidan da ba ya motsi.

A Cochem jiragen suka sake jingina, taga na kallon taga. Ran nan ake walimar kyaftin, aka zaunar da Renske kusa da Mathis. Ma'aikacin jirgin yawo ba shi da ikon ɗaure fuska a gaban baƙi, ko zuciyarsa na ci da wuta. Joris ya leƙo, ya ga tana murmushi, sai ya turo mata saƙo.

"Na gani. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta kira, ta kira, shiru.

Sai fari ya zo. Ruwa ya janye a Kaub har duwatsu suka fito, Reiger ya maƙale ta wajen Basel, mu ta wajen Amsterdam. Aka riƙa musayar fasinjoji a motar bas, ma'aikata kowa na jirginsa. Ana kiɗan piyano, ana shan shayi da kek a saman jirgi, yarinyar nan tana raba makullai tana ramewa. Wallahi na cire rai. Wata mai gyaran ɗakunan Reiger da ta rako baƙi ta ƙarasa mu: Joris ya ajiye aiki, ba wanda ya san inda ya nufa.

"Shi ke nan, Baba, ka huta," in ji Renske. Kyaftin bai ci abincina ba ranar.

Da ruwa ya dawo muka shiga Mosel, muka isa wata madatsa inda ake rufe jirgi tsakanin ƙofofi a ɗaga shi. Muna tasowa a hankali, sai ga Joris a bakin bango cikin rigar ma'aikatan wurin. Renske ta fito da gudu.

"Ina Mathis ɗinki?" ya ce.

"Giya ya kawo, sakarai, ya koma gonarsa."

Ya juya ga Kyaftin. "Kyaftin, na sauka tudu. Na ce ko zan rasa ta, kada ya zama saboda kogi."

Wiebe ya daɗe yana kallonsa. Ya san a cikin jirgin dakon kaya aka haifi Joris.

"Kana iya barci a ɗakin da ba ya motsi?"

"Har yanzu ban iya ba."

Tsohon ya share ido da bayan hannu. "Ni ma na gwada, na kasa. Ka fi ni."

Da sanyi ya shigo aka ɗaure jirage, muka yi bikin a ɗakin cin abincinmu, ni na yi kek ɗin. Wiebe ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su kwana gida."

Yanzu duk sanda muka zo madatsar, Kyaftin na busa ƙaho, Renske ta ɗago hannu daga tagar gidansu. Joris shi ke buɗe mana ƙofa, ya tsaya yana kallonmu har mu sha kwana, sannan ya rufe ya koma gida wurin matarsa.