Irin Babana a Gonar Malam Maharazu

"Mika'ilu! Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!"

Ban san lokacin da na dire ƙwaryar kunun da ke kaina ba, rabi ya malale a ƙasa. Gudu nake ina ɗaga hannu, zane yana harɗe ni.

Ya juyo yana murmushi, gumi sharkaf, sungumi a kafaɗarsa.

"Barakata... ai kin makara. Mun gama!"

"Wannan ba gonarmu ba ce!"

"Me kika ce?"

"Tamu ga ta can, yamma da tsamiya! Wannan ta Malam Maharazu ce!"

Murmushin ya ɗauke ɗif. Abokansa da ya kwaso a kan kekuna tun daga Jajaye suka tsaya cirko-cirko. Na leƙa ƙoƙunan da ke hannunsu, wayam, ko ƙwayar gero ɗaya babu.

A ƙauyenmu da ke bayan Daura ta Ƙaraye, saurayin da aka yi wa baiko sai ya kawo gayya ya yi wa surukinsa aikin gona, a ga ƙarfinsa a ga hankalinsa. A waccan shekarar ta 1987 ruwa ya yi jinkiri, sai Baba ya ce a yi binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Irin nan kuwa shi ne ƙarshen abin da ya rage mana. Damina biyu ba ta yi kyau ba. Mun ci tafasa, mun ci rama ba ƙuli, amma Inna ba ta bari an taɓa shi ba.

Shi Baba ya danƙa wa Mika'ilu da hannunsa, ya tafi taron dattawan ikilisiya a Ƙaraye.

"Wa ya nuna muku nan?" na tambaya.

"Ciyawar gambar da Baba ya nuna mini a kan iyaka, duk shanu sun cinye. Muna tsaye sai ga wani mai jan babur, ya ce shi ɗan cocinku ne. Shi ya ce gabas da tsamiya..."

Jan babur ɗaya ne a ƙauyenmu, na Liti. Liti da ya yi shekara biyu yana zarya a ƙofar gidanmu ina ce masa a'a.

Na zauna daɓas a kan kunya. Gero ne fa! Wa zai iya tsince shi daga cikin yashi?

*

Baba bai yi ihu ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Mika'ilu yana durƙushe a ƙofar zaure, ni ina laɓe a bayan zana.

"Baba, na yi kuskure. A gafarce ni."

"Na gafarta maka. Tashi ka tafi."

"Bari in je in roƙi Malam ɗin..."

"Kul! Ka taka ƙofar gidansa da sunana, ban yafe ba."

Shekara talatin Baba da Malam Maharazu suna iyakar gona, har aron galma suna yi. Amma tun rikicin addinin da ya tashi a watan Maris, da ƙanin Baba, Baffa Sulle, ya dawo daga Funtuwa da rigar jikinsa kawai, sai kowa ya kama kansa. Ba wanda ya zagi wani. Gaisuwa ce dai ta mutu, hanyar rijiya ma ta rabu biyu.

"Wanda bai iya gane gonata ba, shi zan ba 'yata?" in ji Baba. "Za a mayar muku da kayanku."

Na faɗo daga bayan zana.

"Baba, Liti ne ya ɓatar da su! Da gangan ya yi!"

"Ko wa ya nuna, hannun wa ya zuba? Wuce ciki!"

Kwana biyu tsakani sai ga jan babur, da buhun iri ɗaure a baya. Liti ya sauke shi a zaure yana wani sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

"Baba, kyauta ce. Ai mun zama ɗaya... ko za mu zama."

Ji nake kamar in kwaɗa masa muciya.

Da ya tafi Baba ya kira ni. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Baraka, mutum tara nake ciyarwa. Ranar da aka yi ruwan shuka zan kwance buhun nan. Kin kuwa san abin da kwance shi yake nufi."

Na sani. In ya shuka irin Liti, ya karɓi Liti ke nan.

*

Ran Lahadi bayan an tashi sujada na hango Mika'ilu a gindin darbejiyar bayan coci, riƙe da kekensa. Bai shiga ba, don kada ran Baba ya ɓaci.

"Abar ƙaunata, kin rame."

"Kai kuma ka yi ƙiba ko? Dubi wuyanka!"

Ya yi dariya. Dariyar nan ta ƙona mini rai.

"Dariya ma kake yi? Za a raba mu, Mika'ilu! A gidanku ba sauran iri?"

"Mun binne namu tun makon jiya. Na zaga dangi har Rogo, kowa hannunsa wayam."

"To ina Ubangijin da muke kira? Ƙasa ta bushe, gari ya rikice, mugu yana hawa babur, mai gaskiya yana tura keke! Ni na gaji da addu'a."

Ya jingine keken a jikin darbejiya.

"Ranar da muke binne, me muka gani a sama?"

"Ba komai. Rana ƙwal."

"Amma muka ɗauki abincin da ya rage muka zuba a ƙasa, muka take da ƙafa. Baƙo ya gan mu sai ya ce mun haukace. Haka nake da Yesu, Baraka. Ban ga hadari ba. Ban kuma ce lalle sai Ya ba ni ke ba..."

"Au, haka ma za ka ce?"

"Tsaya mana, sarauniyar faɗa! Ina roƙonSa ke safe da yamma, har kunyar naci nake ji. Amma ko Ya ba ni ko Ya hana, na san bai manta inda aka binne mu ba."

Mutumin da aka kora kamar ɓarawon akuya, ga shi tsaye yana magana hankali kwance. Na so shi a ranar fiye da kullum, na kuma ji haushinsa.

"Ni ban iya irin haƙurinka ba," na ce. "Kai aka hana zuwa gidan Malam. Ni ba wanda ya hana ni."

"Baraka!"

Ko waiwaye ban yi ba.

*

Wata uku rabon da wani daga ɓangarenmu ya bi hanyar nan. Mata suna leƙe ta kan danga. Bakina yana ta maimaita, "Ya Yesu, riƙe ni."

Inna Ruƙayyatu, matar Malam, wadda ta sha yi mini kitso ina ƙarama, ta saki taɓarya da ta gan ni.

"Baraka? Ke ce? Lafiya?"

Ta kai ni zaure. Malam yana kan buzu, tsoho siriri mai farin gemu. Na durƙusa.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau, 'yar Daudu. Yaya mahaifin naki?"

Na kwashe komai na faɗa masa, da irin, da Liti, da buhun da ke zaurenmu. Ina yi ina kuka, majina da hawaye, ba ko kyan gani.

"Daudu ne ya aiko ki?"

"A'a. In ya ji ma, na shiga uku."

Ya ja carbinsa.

"Na ji," ya ce. "Ki gaida gida."

Shi ke nan! Na ji. Duk wannan kasadar, abin da na samo ke nan. Na koma gida ina cizon yatsa, na ce a raina lalle duniya ta gama lalacewa.

Da yamma a taron Zumuntar Mata aka ce in yi addu'a. Na buɗe baki, ba abin da ya fito sai, "Ubangiji, ni ban ga hanya ba. Kai Ka gani." Na zauna.

*

Ran Alhamis da la'asar gabas ta haɗe.

Iska ta fara kaɗawa, kaji suka ruga ɗaki. Sai ƙamshin nan na ƙasa ya bugo. Kafin Inna ta kwashe shanya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ƙauye ya ɗauki guɗa, tsofaffi suna fitowa tsakar gida suna ɗaga hannu sama.

Ni kaɗai ce ruwan nan ya zame wa baƙin labari. Na tsaya a cikinsa ya jiƙe ni jagab, ba mai gane hawaye nake.

Da gari ya waye Baba ya tsaya a kan buhun, wuƙa a hannunsa. Ya dubi ɗaurin, ya dube ni. Ya mayar da wuƙar kube.

"Ɗauko fartanya. Sai na ga zurfin danshi tukuna."

Haka yake yi kowace shekara, ba ya shuka sai ya tona ya cusa hannu. Na bi shi a baya.

Muna karyo kwanar tsamiya ya tsaya cak, har na yi karo da bayansa.

Gonarmu cike take da mutane.

Wajen mutum ashirin, a jere, daga wannan iyaka zuwa waccan. Na gaba suna sara da sungumi, na baya suna zuba iri suna takewa da diddige. Gardawan Malam ne da 'ya'yansa, sun naɗe wanduna zuwa gwiwa. Rana tana fitowa a bayansu, ƙasa baƙa wuluk tana tururi. Ba mai surutu, sai sautin sara, tim, tim, tim. Sun kusa cin rabin gonar.

A tsakiyarsu kuwa, tsakanin gardi da gardi, wa zan gani? Mika'ilu, laka har cinya.

Fartanya ta suɓuce daga hannuna. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ko a cikin coci ba. Na ji kamar Wani yana tsaye a gonar nan, har ina jin nauyin ɗaga ido.

Malam Maharazu ya taho a hankali yana dogara sanda.

"Daudu, ina kwana. Yaya ruwa?"

Baba ya dubi gonar, ya dubi Malam.

"Ruwa... ruwa ya yi gyara, Malam. Mene ne wannan?"

"Shuka ce, ko ka manta kamanninta? Irinka yana gonata ya sha ruwa jiya. Nawa kuma yana rumbu ba inda zan zuba shi. To ina laifi?"

"Malam, wata uku ban gaishe ka ba."

"Ni ma wata uku ban gaishe ka ba. Har sai da yarinya ta tako ta tuna mini ina da maƙwabci. Na ji kunya, Daudu. Wallahi na ji kunya."

Baba ya waiwayo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, faɗa bai zo ba.

"Shi kuma wancan," Malam ya nuna Mika'ilu da sanda, "da sassafe muka tarar da shi a gindin tsamiya, shi da sungumi, ba ko ƙwayar iri. Na ce me kake jira? Ya ce Ubangijinsa. Na ce to, kafin nan kama layi."

Wani gardi ya tuntsire da dariya.

"Na zaga na duba aikin da ya yi mini," in ji Malam. "Tunda nake noma ba a taɓa yi mini layi miƙaƙƙe haka ba. In ba ka son sa, ka faɗa da wuri, ni ina da gonaki."

Baba ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Kafaɗunsa suna girgiza. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da Baffa Sulle ya dawo.

"Ya Ubangiji," yake faɗa, "na raina Ka... na raina Ka."

Sai ya share fuska da hannun riga, ya tuɓe takalmansa.

"Baraka."

"Na'am, Baba."

"Ki je gida ki ce wa Sulle ya ɗauki buhun nan ya mayar wa mai shi, da ɗaurinsa. Ya ce masa dattawa za su neme shi. Ki ce wa innarki ta dama kunu mai yawa, muna da baƙi."

Ban iya motsi ba. Ina kallo ya karɓi ƙoƙon iri daga hannun wani gardi, ya ratsa kunyoyi har inda Mika'ilu yake. Mika'ilu ya zube ƙasa zai gaishe shi.

"Tashi, danshi ba ya jira," in ji Baba. Ya dumbuzi gero a hannunsa.

"Sara, ɗana. Ina bin ka."

Na durƙusa nan cikin laka, gaban Musulmi da Kirista, ina kuka ina dariya, ina cewa na gode, na gode, na gode.

Mika'ilu ya saci kallona sau ɗaya, idonsa cike da hawaye. Ya ɗaga sungumi.

Bayan an yi girbi aka ɗaura mana aure.