Ranar da Jirgi Ya Wuce Agege da Uwaisu

Da goshi ya fara yi wa shagon sallama. Zinariya tana kan keken ɗinki ta ji ƙofar kwano ta yi ƙara, ta ɗago kai, sai ga wani dogon saurayi a duƙe yana murza goshi, da ƙunshin riguna a hammata.

"Sannu," ta ce tana danne dariya. "Ba da kai aka auna ƙofar ba."

"Na ga alama. Duk inda na shiga a Ikko haka ƙofofi ke gaishe ni."

A shekarar 1976 ne, lokacin da kuɗin mai ya cika gari, motoci suka fi ƙarfin tituna. Shagon na Mama Rahamatu ne, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Agege, nan Zinariya ta koyi ɗinki har ta zama ita ce hannun daman mai shagon.

Saurayin ya ce sunansa Uwaisu, ɗalibi ne a wata kwalejin fasaha da ke Yaba, kuma ɗan wasan ƙwallon kwando. Lambobi yake so a ɗinka a bayan rigunan 'yan wasansu, shi kuma a yi masa wando, don babu daidai da shi a kasuwa.

Mama Rahamatu ta auna shi, ta ce ya zauna a benci. Ya fara ba Zinariya labarin yadda ake jefa ƙwallo cikin kwando, tana ɗinki tana saurare. Can ta ji shiru. Da ta waiwaya, ya jingina da bango, barci ya ɗauke shi a tsakiyar magana.

Ta so ta yi dariya, sai ta lura da ƙasan idanunsa sun yi baƙi, yatsunsa suna motsi su kaɗai, numfashinsa sama-sama kamar wanda aka koro. Dariyar ta koma mata ciki.

Bayan wannan rana Uwaisu bai rasa dalilin zuwa shagon ba. Yau zare ya warware, gobe lamba ta karkace. Ita tana kiransa Dogona, shi yana kiranta Telata.

"Telata, da gangan kike sassauta ɗinkin nan don in dawo, ko?"

"Kai dai kake jan zaren da haƙori a hanya. Na gane."

A hankali ta san rayuwarsa. Maraya ne, a hannun baffansa Sa'idu mahauci ya tashi. Baffan ya tsufa, bayansa ya ƙi, don haka da an sallame sallar asuba Uwaisu ke tafiya kwata ya yi fiɗa, ya ɗauko nama a kafaɗa. Daga nan ya wanke jiki ya bi jirgi zuwa aji. Ana tashi, sai filin wasa. Kwalejin ta ɗauke masa nauyin karatu ne saboda wasan, ran da ya daina, karatu ya tsaya.

Kafin zuwansa kowa ya samu ƙungiyarsu sai ya lallasa ta. Da ya zo, labari ya juya. Shi ke tare ƙwallo a sama, shi ke jefawa, shi ke koya wa sauran yadda za su miƙa wa juna. Kocinsu, Mista Bankole, ba ya fitar da shi ko na minti ɗaya. A Zangon Agege har samari sun kafa tsohon gammon ƙarfe a jikin falwaya suna jifa, kowa na cewa shi ne Uwaisu.

Mutum ɗaya ne ya fi kowa tafa masa: Oga Shitu Ladan, matashin ɗan kasuwa da ya yi arziki da siminti a Apapa. Shi ya saya wa ƙungiyar takalma, shi ke kai su wasa a motarsa. Shi ne kuma ya daɗe yana aike gidan Malam Gambo, dillalin fata da ƙirgi, mahaifin Zinariya, yana neman aurenta. Ita ko ba ta taɓa sake masa fuska ba.

Da damina ta kama, Uwaisu ya kawo wandon a rage masa ƙugu. Ba a jima ba ya sake kawowa. A karo na biyun, tana juya aljihu wasu ƙananan ƙwayoyi farare suka zubo a cinyarta.

"Dogona, wannan fa?"

Ya kau da kai. "Oga Shitu ya ba ni. Irin wadda direbobin tirela ke sha ce. Tana kore barci."

"Kowa a cikinku yake ba?"

"Ni kaɗai. Ya ce ni ne injin motar."

Ta tattara ƙwayoyin a tafin hannunta. "Ɗora hannunka a ƙirjinka ka gaya mini abin da ka ji."

Ya ɗora, ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Sonki ne ke bugawa."

"Kar ka yi mini daɗin baki, Uwaisu. Daga nan ina ganin rigarka tana rawa."

Ya yi mata alkawarin ragewa, ya ce kuma lokaci ya yi da zai je ya gaida mahaifinta.

Malam Gambo bai so zancen ba tun farko. "Ƙato da gemu yana tsalle da gajeren wando a gaban jama'a? Ban da wannan ma, Zinariya, na ga yaron a kwata. Idona ya saba da dabbar da ba za ta kai kasuwa ba. Ba zan aurar da ke yau ki shiga takaba gobe ba."

Da ƙyar mahaifiyarta, Inna Batulu, ta shawo kansa ya yarda yaron ya zo ran Juma'a bayan la'asar.

Aka share zaure, aka shimfiɗa tabarmi, ƙannen Malam biyu suka zo. Baffa Sa'idu ya iso da goronsa, ya ce yanzu yaron zai sauka daga jirgi. Zinariya tana leƙe ta taga ta ji kukan jirgin, ta ga mutane sun fito daga tasha sun watse. Hadari ya haɗu ta gabas, gari ya yi duhu. Har aka kira magariba babu Uwaisu.

Wanda ya zo shi ne Oga Shitu, wai ya biyo hanya ne. Ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji. "Ai Baba, yaran nan in sun yi suna, 'yan matan Yaba ba sa barinsu. Ni da idona na gan shi ɗazu suna ta rufa masa baya."

Washegari Uwaisu ya bayyana a shago, rigar jiya ce a jikinsa, duk ta yamutse, ƙafafunsa duk jar laka. Zinariya ba ta ɗago daga keke ba.

"Telata."

"Sunana Zinariya."

"Na saka rigar nan don Baba. Na ƙi shan ƙwayar don kada ya ga hannuna yana rawa. Na zauna a jirgi ina maimaita gaisuwar da zan yi, ban san inda kaina yake ba sai da mai duba tikiti ya girgiza ni a Abekuta. Ya ce ya ɗauka gawa ce."

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta dubi lakar, ta dubi idanunsa da suka faɗa, ta san babu wata 'yar Yaba a zancen nan. Ta kuma ji da ma 'yar Yaban ce, da ya fi sauƙi.

"Ka bar wasan nan ka huta."

"Asabar mai zuwa ne wasan ƙarshe na kofin kwalejoji. Yaran nan ni suke kallo. In na janye, da wane ido zan dube su? Karatun ma fa?"

"Ni da wane ido zan dubi makara?" Hawaye ya zubo mata. "Ba na son kofi, Dogona. Kai nake so, da ranka."

Ya ce, "Ki zo ki zauna inda zan gan ki."

Ranar Asabar ta tafi tare da Mama Rahamatu a motar haya ta danfo. Fili ya cika, 'yan Agege sun zo da ganguna. Abin da ba ta zata ba, sai ga mahaifinta a sahun gaba kusa da Oga Shitu, wanda ya ɗauko shi takanas don ya ga tsallen gajeren wandon da idonsa.

Aka fara. Uwaisu ya yi ta tashi sama kamar ba shi ba, duk jifar da ya yi sai ta faɗa kwando, fili ya ɗauki ihun "Dogo! Dogo!" Zinariya kaɗai ce ba ta tafa ba. Tana ganin yadda yake dafa gwiwa duk sanda alƙalin wasa ya busa usur, da yadda leɓɓansa suka yi fari.

Bayan hutun rabin lokaci aka miƙo masa ƙwallo, ya kai hannu gefe guda, ƙwallon ta wuce ta ɗaya gefen. Ya yi tangaɗi. Koci ya nemi a dakata. Kafin Uwaisu ya kai benci Oga Shitu ya tare shi, ya kama hannunsa ya cusa masa wani abu.

"Haɗiye biyu. Saura kaɗan. Kar ka ba mu kunya."

Uwaisu ya dubi tafin hannunsa. Ya ɗaga kai ya nemo ta cikin jama'a. Zinariya ta miƙe tsaye, gyalenta ma ya zame ba ta sani ba.

Ya buɗe hannu, ƙwayoyin suka zube a siminti.

"Koci, sa Baballe a madadina. Na gama."

Mista Bankole ya roƙe shi da Turanci, ya roƙe shi da Yarabanci. Da jama'a suka gane ba zai koma ba, ihun yabo ya juye. Wasu na cewa matsoraci, wasu na cewa an saye shi, har da masu jifa da ɓawon lemo. Ya zauna a benci yana kiran abokan wasansa da muryar da ta dushe: "Baballe, miƙa hagu! Tunde, koma baya!"

Yaran suka yi wasan da su kansu ba su san sun iya ba. Sun riƙe har kusan ƙarshe, sannan jifa ɗaya ta raba, aka cinye su.

Usur na tashi Uwaisu ya miƙe don ya rungume su, sai ya tafi gaba ɗaya ya faɗi kamar an sare icce.

Zinariya ba ta san yadda ta ratsa mutane ba. Tana isa ta tarar da mahaifinta ya riga ta, ya tallafo kan yaron a cinyarsa, babbar rigarsa a cikin ƙura.

"Shitu, kawo motarka!" in ji Malam Gambo.

Aka waiga, babu Shitu babu motarsa. 'Yan wasan ne suka ɗauke shi a kafaɗa har bakin titi, suka tare motar haya.

Uwaisu ya kwana biyu a asibiti bai san wanda ke kansa ba. Likita ya ce zuciyarsa ta galabaita, da ya ƙara ƙwayar nan ya koma fili, da wani zance ake yi yanzu. Malam Gambo yana tsaye aka faɗa. Ya ƙara damƙe carbinsa.

Makonnin da Uwaisu ya yi a kwance, kullum da safe sai a ga dogayen samari biyu a kwata, yau Tunde da Baballe, gobe wasu, suna ɗaukar wa Baffa Sa'idu nama suna toshe hanci, mahauta na yi musu dariya. Su ne kuma suka taru suka je ofishin shugaban kwaleji suka ce in aka taɓa karatun Uwaisu, babu mai sake taɓa ƙwallo. Aka bar masa gurbinsa. Koci ma ya zo asibiti da hularsa a hannu.

Ran da aka sallame shi, Malam Gambo ya aika a kira shi. Uwaisu ya durƙusa a zaure, Zinariya tana bayan ƙyaure tana ji.

"Baba, ku gafarce ni, na sa kun jira rannan."

"Wannan ya wuce. Har gobe ba na son wandon nan naka. Amma na ga abin da aka sa maka a hannu, na ga kuma wanda ya sa. Mutum dubu suna zaginka ka zauna ba ka motsa ba. Wanda ya iya wannan zai iya riƙe gida. Ka ce wa Sa'idu ya turo."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Gambo. Mahauta suka yanka sa, makaɗan kalangu suka cika layi. 'Yan wasan suka zo cikin manyan riguna na aro da suka tsaya musu a gwiwa, Tunde yana ta gaida dattawa da Hausar da ya koyo a kwata, ana ta dariya.

Da za a fita da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta tana kuka cikin lulluɓi. Ya dafa kanta.

"Na taɓa gaya miki wata magana mai nauyi a kan yaron nan. Na janye ta, Allah kada ya kama bakina. Ku je. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Duk gidan aka amsa da amin. Amma ta Zinariya ce ta fito daga ƙarƙashin mayafi da ƙarfi, har Uwaisu da ke tsaye a waje cikin abokansa ya jiyo, ya shafa fuska ya ce, "Amin, ya Rabbi."