Ya Kama Wa Iya Layi

"Kalli mijin naki!" Amira ta cusa wa Zulfa waya a fuska. "A layin marasa ƙarfi, kamar mai jiran zakka!"

Munzali ne kuwa a hoton, tsaye cikin rana a ƙofar asibitin unguwa, tsakanin tsofaffi, da taɓon fadama a ƙafarsa.

Amira 'yar gwaggonsa ce, ta daɗe tana sonsa. Sau biyu ana ɗaga bikin Zulfa da shi saboda ciwon sukarin mahaifiyar Zulfa, Iya Yagana. Magani ya ƙare, a yi haƙuri, sai ta yanke jiki ta faɗi, a kwantar da ita mako biyu. Gwaggo Mairam, uwar Amira, ta rantse in aka ɗaga na uku magana ta mutu, ai ga Amira a gida.

Zulfa ta kira shi a waya.

"Masoyi... me kake yi a can?"

"Layi na kama wa Iya, Zulfata. Katin inshorar lafiya ne aka buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi. Duk wata a gwada ta a ba ta magani, tun ciwo bai kayar da ita ba."

"Ai ta ce ba za a rubuta sunanta cikin mabuƙata ba! Ita da ta shekara talatin tana bandar kifi da hannunta..."

"Na sani. Surukata ce, ba ni da bakin yi mata magana. Amma ina da ƙafa. Yau kwana uku, in layi ya zo kaina sai in koma baya."

"Tsuntsaye fa? Za su cinye maka shinkafa!"

"Su ci rabonsu. Ke ce ba zan iya rasawa ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta fizge wayar Amira ta kai wa Iya har bakin murhu.

Iya ta daɗe tana kallo.

"Ɗan mutane ne a rana haka, saboda ni?"

"Kwana uku, Iya."



"Miƙo min mayafina. Yaron nan zai sa duk Haɗeja ta zage ni!"

Da suka isa, Iya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tsaya gefensa, ta kawar da kai, ta ce wa Zulfa, "Ce masa ya koma gonarsa."

Munzali ya durƙusa har ƙasa, ya ba ta wuri. Ta dangwala yatsa, ta karɓi katinta.

Damina ta sauka, kogi ya cika ya koma, Iya ba ta kwana asibiti ba ko sau ɗaya. Duk wata malamar asibiti ta tsaga mata yatsa ta gwada jini, ta miƙa mata magani, su yi faɗa kan sukari a fura. Gwaggo Mairam ta yi ta aiko da gaisuwa, wai ko jikin ya motsa? Kullum sai a tarar da Iya cikin hayaƙi tana juya tarwaɗa.

Ranar ɗaukar amarya, Gwaggo Mairam ce ta jagoranci dangin ango. Ta yi turus a tsakar gida.

"Yagana... ashe kina tsaye?"

"Da ƙafata, Mairam!" Iya ta kamo hannun Zulfa, ta danƙa mata. "Ga amanar ɗanku. Ku yi sauri, ya tsaya ya isa haka."

Guɗa ta cika gida. A ƙarƙashin mayafi, Zulfa na kuka tana dariya.