Dokar Maiwada

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka kawo rahoto caji ofis na Talatar Mafara cewa an tsinci gawa a bakin dam, ta ɓangaren Maradun. Sufeto Ayuba ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula, ya ce wa sajan ya tayar da mota.

Shekarun nan ne da ruwan Bakolori ya hau ya shanye ƙauyuka da gonaki, aka kwashe mutane aka zube su a kan tsandauri aka ce ga sabon gari. Mutanen noma da kiwo ne, ruwan da ya wuce gwiwa ba su saba da shi ba. Amma zuciya ba ta barinsu su zauna. Sai su faɗa kowane irin kwale-kwale su je leƙen inda gidajensu suke a da. Da jirgi ya kife da wasu mata da 'ya'yansu, ɗan majalisar yankin, Alhaji Maiwada Jibo, ya tafi Sakkwato ya kafe sai da majalisar jiha ta yi doka: ba mai sa jirgi a ruwan nan sai da izini, wanda ya saɓa kuwa gidan yari. Aka tattara jiragen aka jibge su bayan ofishin hakimi. Dokar Maiwada kowa yake kiranta.

Sufeto yana ganin girman mutumin. Ranar da matan suka nutse, da idonsa ya gan shi ya tuɓe babbar riga yana ɗaukar gawa a kafaɗa. Yanzu ma wani ƙuduri yake ja a majalisa, na a ba waɗanda ruwa ya kora gonaki a filayen ban-ruwa na Bakura. In ka cire shi, mutanen nan ba su da baki a ko'ina.

Shi ya sa gabansa ya faɗi da aka yaye tabarmar da aka rufe gawar. Bube ne, ƙanen Maiwada, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sufeto ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Shi mutumin Yawuri ne, a bakin kogi aka haife shi, ya ga waɗanda ruwa ya ci ba adadi, kuma ruwa bai taɓa ajiye kowa haka ba. An kwantar da Bube a kan ɓarinsa na dama, fuskarsa gabas. An rufe masa ido. An ɗaure masa haɓa da tsiri na sabon alawayyo, irin wanda ake likkafani da shi.

Yana cikin haka wani dattijo baƙi, mai faɗin kafaɗa, ya ratso jama'a ya miƙo masa hannuwansa biyu. Sajan ya raɗa masa cewa Barau ne, masunci, cikin waɗanda aka ƙwace wa jirgi.

"Ni niɗ ɗauko jirgina, yallaɓai," in ji Barau. "Uwarsu tar rasu jiya. Bube yac ce in kai shi shi ga kangon gidansu ko ransa shi yi sanyi. Munka kihe. Ni nit tsira."

"Wa ya ɗaure masa haɓa?"

"Ni."

"Ina ka samu alawayyo a bakin ruwa?"

Barau ya dubi ƙasa. Jama'ar da ke wurin, maimakon su yi masa caa kamar yadda ake yi wa wanda ya jawo mutuwar ɗan gari, sai kowa ya kau da kai. Sufeto ya lura da wannan, ya sa aka saka Barau a mota.

Kafin su tashi ya sa aka jawo jirgin, wanda ya nutse kusa da gaɓa, bakinsa kawai ake gani. Da aka kifa shi sai ga tsaga tun daga kai har gindi, an cusa mata tsummoki da ciyawa. Jirgin ya sha ranar bazara a bayan ofishin hakimi har katakon ya dare. Kowane ɗan masunci ya san jirgin da ya bushe haka sai an nutsa shi a ruwa ya kwana biyu, katako ya kumbura ya haɗe, sannan a hau. Wanda ya cusa tsumman nan bai taɓa riƙe filafilin tuƙa jirgi ba.

A ofis Sufeto ya zaunar da Barau ya faɗa masa abin da ke gabansa ba rufa-rufa. Karya doka ce, ga satar kayan da ke hannun hukuma, ga rai. A shekarunsa, in ya shiga gidan yari ba lallai ya fito da ƙafarsa ba. Barau ya ce ya sani. Sufeto ya tambaye shi tun yaushe yake tuƙa jirgi, ya ce tun kafin a yi masa kaciya.

"Kuma ka hau busasshen jirgi da tsumma?"

"Tsuhwa, yallaɓai. Mantuwa."

Da la'asar Sufeto ya tafi gaisuwa. Ƙofar gidan Maiwada ba masaka tsinke, ga mutanen Faru, ga na Garbadu, wasu a kan keke, wasu a ƙasa. Rashi biyu a gida ɗaya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi addu'a aka shafa. Maiwada yana zaune a kan buzu, ya lulluɓe da mayafi duk da zafin da ake yi, muryarsa ta dishe.

Sufeto ya tambaya a hankali ina aka yi wa tsohuwa makwanci, yana so ya je ya yi mata addu'a. Tun Maiwada bai buɗe baki ba wani dattijo ya cafe ya ce Damaga aka kai Dada Hauwa'u da asuba, wurin danginta. Wasu suka gyaɗa kai. Sufeto ya juya wurin liman ya ce haka ne? Liman ya ce shi dai salla ya yi mata a nan tsakar gida, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi, bai ƙara ɗagowa ba.

Washegari ya tafi Damaga. Hanyar ba ta ɗaukar mota, sai da ya ari babur. Ya sa mai gari ya zaga da shi maƙabarta lungu-lungu. Sabon kabari ɗaya ne, kuma na jariri. Mai gari ya ce su ma labarin rasuwar suka ji, suna shirin zuwa gaisuwa. Ya ƙara da cewa Hauwa'u ai ba ta taɓa son Damaga ba. Tun da aka tashe su ba ta da zance sai na maƙabartar tsohon garinsu, wadda take kan tudu, ruwa ya zagaye ta bai rufe ba. Can mijinta Jibo yake, can 'ya'yanta da suka rasu suna ƙanana suke.

Sufeto ya dawo ransa a jagule. Ya so ƙwarai a ce bai gane ba. Amma ya nemi izini, ya ari jirgi mai inji na ma'aikatan dam, ya shiga ruwa. Suka bi ta tsakanin kawunan itatuwa da suka mutu a tsaye. Tudun bai fi faɗin kasuwar ƙauye ba. A gefen wani tsohon kabari ga sabo, ƙasar ba ta bushe ba, an lulluɓe shi da ƙaya. An bar galma da fartanya a jingine. Sawun mutum biyu ne a wurin, ɗaya na takalmin roba irin na manoma, ɗaya na takalmin fata mai dunduniya. Barau kuwa tun da aka kawo shi ba takalmi a ƙafarsa, kuma da ganin kaushinsa bai saba sa shi ba.

Ya tsaya ya yi wa tsohuwar addu'a, don ya riga ya ce zai yi.

Da ya koma gidan Maiwada bai tsaya a taron ƙofar gida ba, ya nemi a ba su zaure su biyu. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce ya je Damaga, ya kuma je tudu. Ya ce gobe za a kai Barau kotu, kuma da bakinsa zai amsa laifi.

Maiwada ya yaye mayafin. Hannuwansa da ƙirjinsa duk sun kuje, irin kujewar wanda ya rungumi busasshen reshe.

Ya ce tsohuwa ta riƙe hannunsa kafin ta cika, ta ce kada ya bari a binne ta cikin baƙi, ya kai ta wurin ubansa. Izini sai an je Sakkwato, gawa kuwa ba ta jira. Ya kasa zuwa ya roƙi masuncin da ya sa aka raba da jirginsa ya karya masa dokar da shi ya kawo. Sai shi da Bube suka jawo jirgi daga bayan ofis da asuba, maƙwabta suka kama musu gawar zuwa bakin ruwa. Tun a tafiya jirgin ke shan ruwa, Bube yana kwalfewa da ƙwarya.

"Da munka gama rufe ta, Bube yac ce mini, Yaya, kada mu koma cikin jirgin ga. Mu hasa wuta, Barau shi hango hayaƙi shi nemo yadda za shi ɗauko mu." Muryarsa ta karye. "Nic ce a'a. In anka ga hayaƙi, duniya ta ji Maiwada ya taka dokar Maiwada. Nic ce shiga mu tahi. Bai taɓa musu da ni ba, Sufeto. Yas shiga."

Suna hango gaɓa jirgin ya cika. Maiwada ya samu reshe ya kama. Ya ji hannun Bube a rigarsa, sannan ya daina ji. Ihunsa ne ya jawo Barau, wanda ya yi nutso ya ciro Bube ya kuma dawo ya ɗauke shi daga reshen. Shi Maiwada ne ya ɗaure wa ƙanensa haɓa da ragowar likkafanin uwarsu. Kafin ya dawo hayyacinsa dattawa sun taru sun yanke shawarar a ce Barau ne ya ɗauki jirgin. Barau ya ce shi ya gama rayuwarsa, amma ƙudurin gonaki bai gama tasa ba.

"Kai kuma ka yarda," in ji Sufeto.

"Ban yarda ba, ban hana ba. Ban san wanne yaf fi muni ba."

Sufeto ya ji hawaye na neman zubo masa, abin da rabonsa da shi a bakin aiki har ya manta. Bai fito da ankwa ba. Ya ce masa ya sa rigarsa.

Da suka fito zaure, taron ya miƙe tsaye. Ba wanda ya tare hanya, ba wanda ya zagi ɗan sanda. Daga cikin gida aka ji kukan matar Bube ya tashi sabo, don yanzu ta ji yadda mijinta ya mutu. Maiwada ya tsaya ya nemi gafarar jama'a, ya ce wa dattawa su koma ga mai gadonsa a majalisa ko wane ne, kada su gaji. Dattawan suka dubi juna, don sun san da wuya a sake samun irinsa. Ya shiga bayan mota da kansa.

A caji ofis sajan ya buɗe wa Barau ya ce ya tafi gida. Barau ya fito yana murza ido, sai ya yi kiciɓis da Maiwada ana rubuta sunansa a kantar ofis. Ya tsaya cak. Sannan ya juyo wurin Sufeto.

"Mi niy yi maka, yallaɓai? Na ba ka mai laihi har hannu. Ɗiyana ba su da gona, ɗiyan kowa ba su da gona. Yanzu wa za shi yi muna magana?"

Doka ta faɗa wa Sufeto wanda zai kama, ba ta faɗa masa amsar wannan ba.

Barau bai tafi gida ba. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar ofis, ya haɗa kai da gwiwa yana kuka kamar shi aka rufe. Sufeto ya hana a kore shi. Har aka kira magariba yana nan zaune.